Editoci huɗu na yi wa tayin labari, ko "mun gani" babu. Ina nake kuskure?

Mushen Garin Malam ya rubuta:

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ni malamin makaranta ne, wato mushe kamar yadda ake kiranmu a nan Nijar, ɗan kwantiragi, ina koyar da tarihi da labarin ƙasa a wata kwaleji nan cikin Damagaram, wato Zinder. Shekara uku ke nan ina rubutu a Facebook, wani sa'in da Hausa, wani sa'in da Faransanci, kuma jama'a na yabawa. Abokan fadarmu ne suka yi ta zuga ni wajen shan shayi, wai rubutun nan ya fi ƙarfin a bar shi a Facebook, in nemi mujallar da za ta riƙa biyana. Kun dai san albashin kwantiragi, kafin 15 ga wata ya zama tarihi, irin wanda nake koyarwa.

To na biye musu. Cikin bakans, wato babban hutun makaranta, na aika wa editoci huɗu saƙo, biyu a Yamai, ɗaya a Kano, ɗaya a Abuja. Ba zan kama suna ba. Uku ko uffan ba su ce ba. Na huɗun ya turo mini alamar babban yatsa a WhatsApp, shi ke nan. Yanzu ga shi har sanyi ya shigo.

Ga abin da na aika, ko wasali ban canza ba:

"Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, da fatan kana lafiya, da iyali, da aiki. Ni marubuci ne daga birnin Zinder mai ɗimbin tarihi, kuma na daɗe ina bibiyar mujallarku mai farin jini. Ina son in riƙa rubuta muku a kan batutuwa daban-daban, kamar matsalar ruwa, tarihin masarautar Damagaram, matasa da zaman kashe wando, al'adu, ilimin ƴaƴa mata da sauransu. Ina da ƙwarewa sosai. Ina jiran amsarku. Na gode."

Ɗaya daga cikinsu har na haɗa masa da cikakken rubutu, shafi tara, a kan Sarki Tanimun da ganuwar Birni, tsohuwar unguwar garin nan. Kwana 11 na yi a kansa, yawanci da dare in ba a ɗauke wutar kuran ba.

Don Allah waɗanda suka san harkar ku fitar da ni duhu. Labarin ake fara rubutawa a aika, ko shawararsa kawai? In shawara ce, me zai hana su ɗauke ta su ba wa nasu ma'aikacin? Kuma yaushe ake ta da maganar kuɗi ba a ga zalamar mutum ba?

---

Ɗan Kabu-kabu ya amsa:

Wa alaikumus salam Mushe. Gaskiya ɗaya ce, harkar nan sai da hanya. In ba ka da wani a ciki, ko ka rubuta da ruwan zinariya ba wanda zai buɗe. Wani ɗan unguwarmu ya yi shekara yana aika musu kaya kyauta wai don sunansa ya fito, sunan ya fito, aljihu bai ga komai ba. Shiru ma amsa ce. Ka nemi yara biyu uku ka riƙa yi musu darasin yamma a gida, ya fi maka.

---

Tsohon Wakili ya amsa:

Ƙanena Mushe, sannu da ƙoƙari. Na yi shekaru ina wannan aikin na aika labari a biya ni kan kowane guda, abin da ƴan Faransanci ke kira pijis, daga baya kuma na ɗan zauna a kujerar da ake karɓar irin saƙonka a Yamai. Saboda haka zan faɗa maka abin da zai ɗan yi ɗaci, ka yi haƙuri.

Ɗan Kabu-kabu bai yi ƙarya gaba ɗaya ba, sanayya tana aiki. Amma ko ɗan ɗakin editan ne ya aika wannan saƙon naka, babban yatsan nan dai zai samu. Sake karanta shi. Cire kalmar Zinder da Damagaram ka sa Tawa da Adar, ka ga ya zauna daram. Wannan takardar neman aiki ce, ba tayin labari ba. Kamar ka shiga kasuwar Dole ranar Alhamis da buhu a ɗaure, ka ce wa mai saye "ina da kaya iri-iri masu kyau". Wa zai yi cinikin biri a sama?

Mu ɗauki ruwa, tunda shi ka fara ambata. Babu editan da ke Yamai da bai san Damagaram na fama da ruwa ba. Maganar ta girme ni ta girme ka. Kai da kake koyar da tarihi ka fi ni sanin cewa har cikin dalilan da ake bayarwa na ɗauke hedikwatar mulkin mallaka daga nan zuwa Yamai a 1926 akwai ƙarancin ruwa. Garin a kan dutse yake zaune, shi ya sa ake janyo ruwan daga waje, daga Gogo da Macaya, daga Arunguza, daga Ganaram. Duk wannan edita ya sani, ya buga shi ya fi a ƙirga. In ka ce masa "matsalar ruwa", abin da ya ji shi ne za ka sake gaya masa abin da ke cikin durowarsa.

Abin da bai sani ba shi ne ɗan ga-ruwan da ke kawo ruwa gidanka. Daga wane ƙauye ya zo? Ƙarfe nawa yake tashi? Kurar tasa ce ko ta haya, kuma in ta haya ce nawa yake kai wa mai ita da yamma? Bido, wato jarka, nawa yake turawa a sawu ɗaya, sawu nawa a yini? Nawa yake saye a bakin famfo, nawa yake sayar maka cikin sanyi, nawa cikin Afrilu? Lokacin da kai kake kukan tsada, shi riba yake ci ko layi ne ke cinye masa yini? Wannan tambayar ta ƙarshe ni kaina ban san amsarta ba, kuma alamar labari ke nan: tambayar da editan ma zai so ya ji amsarta. Mutum ɗaya da tambaya ɗaya. Sauran, su tarihi da alƙaluma da bakin hukuma, a jikin mutumin za ka rataye su.

Sai abin da kusan duk sabon shiga ke mantawa: me ya sa yanzu? Edita shafi yake cikewa, kuma kowane shafi da ranarsa. Ranar 22 ga Maris ce ranar ruwa ta duniya, ta kuma faɗo daidai bakin bazara. Mujallar wata-wata tana rufe shafukanta makonni kafin ta fito. In kana son fitowar Maris, cikin Janairu za ka yi tayi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Nan ne kuma rubutunka na Tanimun ya faɗi. Ba na shakkar yana da kyau. Amma shafi tara, daga mutumin da ba a sani ba, ba a ce ya rubuto ba, kuma babu abin da ya ɗaure shi da yau. Ka tuna farkon Satumbar 2024 da ruwan sama ya rushe tsohon masallacin Birni? A makon nan duniya ta waiwayo Damagaram, kowa na neman wanda ya san tarihin ginin ƙasa na garin nan. Da a ranar ka aika layi shida ka ce kai malamin tarihi ne, gidanka ba nisa, ka san tsofaffin maginan da ke yaɓe da zanen bangon Birni, za ka tambaye su sauran gine-ginen me ke jiransu a damina mai zuwa, da wuya ka kwana ba amsa. Kar ka yar da shafi taran nan. Ajiye su, rumbu ne, za ka riƙa ɗiba.

Saboda haka amsar tambayarka ta farko: ba a rubutawa kafin a ce "rubuto". Ana yin rabin aikin ƙafa dai, wato ka tabbata mutumin ya yarda zai yi magana, sannan ka yi tayi. Tayin kuma kar ya wuce abin da za a karanta a fuskar waya ba a ja ƙasa sau biyu ba. A kan saƙon ka sa kanun labarin kansa, ba "neman haɗin kai" ba. Ka ambaci sashen mujallar da kake nufi da sunansa, da yawan kalmomi, da ranar da za ka kawo. In ba ka iya faɗin sunan sashen ba, to ba ka karanta mujallar ba, kuma edita na ganewa daga "mujallarku mai farin jini". Na sha karɓar wannan jimlar daga mutanen da ko bangonmu ba su taɓa gani ba. Nemi fitowa uku ta baya ka zauna da su. Abin da zai shiga Sahel Dimanche da Faransanci daban, abin da zai shiga Aminiya daban, kuma ba ka kai wa Mujallar Fim labarin famfo ba.

Maganar sata kuwa, tana faruwa, ni ma an yi mini sau ɗaya kuma har yau in na tuna sai raina ya sosu. Amma duba abin da za a iya sacewa. "Matsalar ruwa" ba taka ba ce balle a sace. Ɗan ga-ruwanka kuwa, wanda zai sace shi sai ya taso daga Yamai ya yi kilomita wajen 900, ya zo ya nemo shi, ya kuma sa shi ya saki jiki da baƙo. Da ɗan gari akan ci gari. Abin da kawai za ka kiyaye, kar ka sa cikakken sunansa ko lambarsa ko layin da yake ɗibar ruwa a cikin tayin.

In ka aika, ka ba shi kwana bakwai zuwa goma. Sai tuni guda ɗaya, layi biyu. In shiru, ka rubuta masa cikin ladabi cewa za ka kai wani wuri, ka kai. Ban da kira da dare, ban da saƙon murya na minti huɗu. Allah Ya sani na goge irinsu da yawa ban saurara ba.

---

Mushen Garin Malam ya amsa:

Yaya Wakili, ka daka ni amma na ji daɗi. Wallahi da na sake karanta saƙon nawa kunya ta kama ni, irin takardar da nake ja wa yara jan biro ce. Abin haushin, ɗan ga-ruwan nan shekara biyu yana shigowa gidana, ban taɓa tambayarsa komai ba sai "nawa ne yau?"

Jiya bayan la'asar na tsayar da shi muka ɗan taɓa hira. Ga sabon da na tsara, a duba mini:

"Assalamu alaikum, Malam. Ina tayin labari ga sashenku na rayuwar jama'a, fitowar Maris, saboda ranar ruwa ta duniya. A unguwarmu a Zinder, bidon da nake saye dala goma cikin sanyi yana kai dala talatin cikin bazara, kuma kowa ɗan ga-ruwa yake zagi. Wanda ke kawo mini ruwa ya ce bazara ce lokacin da ya fi shan wahala, don layin famfo yana rage masa sawu. Zan bi shi yini guda, daga asuba har ya kai kuɗin hayar kura, in lissafa abin da ke shiga da abin da ke fita. Zan ji ta bakin mai famfo, da wata uwar gida, da hukumar ruwa. Kalmomi 1200 da hotuna biyar, zan kawo ranar 10 ga Fabrairu. Ni malamin tarihi ne a nan garin, ga rubutuna biyu ka ga hannuna."

Na rage gaisuwar har ina jin kamar na yi rashin kunya.

---

Hajiyar Zango ta amsa:

Mushe, wannan ya zama tayi. Gaisuwar ma ta isa. Editan Kano in ka faɗa masa ba sallama zai ga rashin tarbiyya, amma layi ɗaya ya wadatar, ba sai ka tambayi iyali da gajiya da sanyi ba. In Bature ne ma sunansa kawai za ka kira ka shiga magana.

Ni tambayarka ta uku zan amsa, don na ga Malam Wakili ya tsallake ta, ko don shi ya taɓa zama ɓangaren masu biya ne, oho.

Ranar da aka ce maka "rubuto", ranar ake maganar kuɗi. Ba kafin nan ba, kuma ba bayan ka miƙa aiki ba. Ba zalama ba ce. Tela ma kafin ya sa almakashi yake faɗin kuɗin ɗinki. Ka tambaya a rubuce: nawa ne, da wane kuɗi, yaushe, ta wace hanya. "Yaushe" ɗin nan ka matsa a kai, domin "in an buga" da "in ka kawo" tsakaninsu akwai wata uku ko ma har abada. Ka tambaya ko hoto da nasa kuɗin daban, ko za su mayar maka da na kabu-kabu da na kiran waya, da kuma abin da za a ba ka in sun sa ka aiki daga baya suka fasa bugawa.

Abin da ya koya mini wannan: na taɓa rubuta wa wata mujalla ta ƙetaren iyaka labarin matan da ke soya ƙuli-ƙuli da tatsar man gyaɗa a wajen Matamai. Sau biyu na je, kuɗin mota daga jakata. Muka yi ciniki da naira, na lissafa a raina ya yi. Sai da aka yi wata huɗu kafin a biya, lokacin naira ta zube. Da na kai wa ƴan canji, abin da suka miƙo mini da ƙyar ya mayar da kuɗin mota. Ba wanda ya cuce ni a takarda, adadin da aka faɗa shi aka turo. Ni ce ban ce a ƙayyade shi da sefa ba. Masu biya da yuro ba ka da wannan fargabar, tunda yuro ɗaya kusan sefa 656 ne ba ya motsi, sai dai ka tambayi wa zai ɗauki kuɗin turawa. Na Yamai kuma da sauƙi, ta kamfanin tura kuɗi na Nita ko Amana ka karɓa a ranar, in sun tura ke nan.

Gyara ɗaya a tayinka. In Kano ko Abuja za ka aika, cire "dala". Su in sun ji dala goma kuɗin Amurka za su ɗauka, su ce ruwan Zinder ya fi turare tsada. Rubuta sefa 50 da sefa 150. "Bido" ma ka mayar da shi jarka. Kuma ka ƙara musu layi ɗaya da zai nuna abin ya shafe su, domin su ma ƴan ga-ruwa ke shayar da unguwanni da yawa a Kano, kuma tsakaninmu bai fi kilomita 240 ba.

Sai hattara biyu. Uwar gidan da za ka yi hira da ita, ka nemi izini yadda ya kamata, kuma ka gaya mata hotonta zai iya yawo a waya har ya dawo unguwarsu. In ta ce a'a, ɗauki hannunta da bidon kawai. Na biyu, ka san wa kake rubuta wa. Tun Agustan 2023 aka dakatar da RFI da France 24 a ƙasar nan, kuma kai ma'aikacin gwamnati ne ko da na kwantiragi. Na waje kuma, tun da fim ɗin Aicha Macky mai suna Zinder ya fito a 2021, da ka ce Zinder sai su ce unguwar Kara-Kara da ƴan fale, wato gungun matasa ƴan daba. In ba ka da mutane a can da suka yarda da kai, kar kwaɗayin yuro ya sa ka karɓi aikin. Su za su buga su wuce, kai za ka ci gaba da bin hanyar.

---

Tsohon Wakili ya amsa:

Hajiya ta kama ni, na amsa laifina. Duk abin da ta faɗa haka yake.

Mushe, abu biyu. Ka yi alkawarin jin ta bakin hukumar ruwa. Ka riga ka san wanda zai yi maka magana a can? In ba ka sani ba, rubuta "zan nemi jin ta bakin", kuma ka kai takardarka tun yanzu, don amsar ofis ba ta san 10 ga Fabrairu ba. Sannan akwai rami a lissafinka: za ka bi shi cikin sanyi, alhali labarin na bazara ne. Edita mai ido zai gani. Ko dai ka faɗa a fili cewa yinin na sanyi ne, na bazara kuma daga bakinsa da na mai famfo za ka samo, ko ka nemi fitowar Mayu ka bi shi sau biyu, yanzu da kuma cikin Afrilu. Ni da ni ne na biyun zan ɗauka, ko da na rasa ranar ruwa. Yini biyu na mutum ɗaya a gefe da gefe, ba wanda zai iya rubuta wannan daga Yamai.

---

Mushen Garin Malam ya amsa:

Na gode Hajiya, na gode Yaya. Na gyara dala da bido, na kuma mayar da shi yini biyu, fitowar Mayu. Na Kano zan fara aika wa, shi da ya yi mini babban yatsa, tunda aƙalla ya nuna yana buɗe saƙo.

Sai dai wata ta taso. Da na gaya wa mutumin nawa za a buga labarinsa a mujalla, shiru ya yi, sannan ya ce, "To Mushe, ni nawa za a ba ni?" Na rasa ta cewa, don ni ma ban san nawa za a ba ni ba.

---

Hajiyar Zango ta amsa:

Kar ka sayi maganarsa, in ka biya shi don ya yi magana zai gaya maka abin da yake zaton kana son ji. Amma in tsayawa amsa tambayoyinka ta sa ya rasa sawu, wannan asara ce ta gaske, ka biya shi kuɗin sawun, ka kuma gaya wa edita ka yi hakan. Abincin rana kuma a kanka yake, wannan ko ba jarida.

---

Mushen Garin Malam ya amsa:

To madalla. Mun shirya da shi ranar Lahadi, tunda ba ni da aji. Ya ce in same shi bakin famfo ƙarfe huɗu na asuba, in kuma na makara ba zai jira ni ba, layi ba ya jiran mushe. Wayata ba ta ɗaukar hoto cikin duhu. In akwai wanda ke kusa da Garin Malam da zai ara mini tasa zuwa azahar, ya yi mini magana ta akwatin sirri.